Tarihin Turkar Shanu a Birnin Kano da Kewayensa: Buƙatun Bijimi Mai Tasowa na Kuzari da Furotin

1.0 GABATARWA

Masana tarihin Kano sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sarauta da fatauci da saƙa da rini, amma ba kasafai sukan tsaya a kan abin da dabba take ci ba. Su kuma masana kimiyyar dabbobi, idan suka tashi maganar ciyar da shanu, galibi sukan fara ne daga jadawalin da aka tsara a Turai ko Amurka, sai ka ce babu wani ilmin ciyarwa a ƙasar nan kafin zuwan jadawalin. Maƙasudin wannan takarda shi ne haɗa waɗannan fannoni biyu wuri ɗaya. Za mu duba tarihin turka, watau ɗaure dabba a turke ana kawo mata abinci har ta yi ƙiba, a cikin birnin Kano da karkarar da ke kewaye da ganuwa, muna auna shi da abin da kimiyya ta tabbatar game da buƙatun bijimi mai tasowa.

Abin da muke so mu tabbatar guda ɗaya ne. Babbar matsalar bijimi mai tasowa a ƙasar Kano tun asali ita ce ƙarancin abinci mai gina jiki da rani. Saboda haka tarihin turka, idan aka bi diddiginsa, tarihi ne na inda Kanawa suka riƙa samo wannan abinci a kowane zamani. Duk sa'ad da noma ko ciniki ya sauya, abin da ake zuba wa bijimi a turke yakan sauya tare da shi.

2.0 ABIN DA BIJIMI MAI TASOWA YAKE BUƘATA

Kafin mu shiga cikin tarihi ya kamata mu fayyace kalmomi biyu da za mu yi ta amfani da su. Ta farko ita ce kuzari, watau ƙarfin da jiki yake tatsa daga abinci domin numfashi da bugun zuciya da tafiya da tara kitse. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira megajul. Ta biyu ita ce furotin, watau sinadarin da ake gina tsoka da fata da jini da shi. Ana ƙiyasta shi ne ta hanyar auna naitirojin da ke cikin abinci, sa'an nan a ninka shi sau 6.25.

Buƙatar dabba kashi biyu ce. Akwai ta riƙon rai, watau abin da za ta ci don kada ta rame ko da ba ta ƙaru ba, akwai kuma ta girma. Alal misali, bijimi mai nauyin kilo 250 yana buƙatar wajen megajul 30 a kowace rana don riƙon rai kawai. Idan ana so ya ƙara rabin kilo kullum, buƙatarsa za ta tashi zuwa wajen megajul 45 ko 50, tare da furotin giram 600 zuwa 700. Abin da cikinsa zai iya ɗauka kuwa bai wuce wajen kilo 6 na busasshen abinci ba, watau kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na nauyinsa. Ke nan dole ne a sami aƙalla kashi 10 cikin ɗari na furotin a cikin abin da yake ci.

A nan ne muhimmancin tumbi yake fitowa. Saniya ba ta narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittun da ke zaune cikin tumbinta su ne suke ruɓar da ciyawar, ita kuma ta amfana da abin da suka fitar. Waɗannan halittu suna buƙatar naitirojin kafin su hayayyafa. Idan furotin da ke cikin abinci ya gaza wajen kashi 7 cikin ɗari, aikinsu yakan yi sanyi, abinci ya daɗe a tumbi, dabba ta rage ci. Ta haka rashin furotin yake jawo rashin kuzari, ko da kuwa kara yana jibge a gaban dabbar.

To, ƙasar Kano tana samun ruwan sama ne na watanni huɗu zuwa biyar kawai a shekara. Da damina ɗanyar ciyawa tana da isasshen furotin. Amma da zarar ta yi kai ta bushe, furotin nata yakan faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari, na karan dawa kuma yana tsakanin kashi 3 da 5. Bijimin da aka bari da kara kaɗai da ƙyar zai ci kilo 4 a rana, wanda bai kai abin riƙon rai ba, furotin da zai samu kuma bai kai sulusin buƙatarsa ba. Wannan shi ya sa shanun daji suke ƙiba da damina da kaka, su zube da rani da bazara, har bijimi ya shekara huɗu ko biyar kafin ya isa yanka. Wannan giɓi na rani shi ne abin da turka ta zo ta cike.

3.0 SHANU DA BIRNI KAFIN 1903

3.1 Jangali da Sarkin Shanu

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), kuma Fulani sun iso ƙasar Hausa daga Mali a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463). Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne ya faɗaɗa ganuwa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Amma bayani mafi amfani a gare mu shi ne na zamanin Sarki Kutumbi (1623–1648). Littafin ya ce shi ne sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga Fulani, inda ya karɓi shanu 100 daga Jahunawa, 70 daga Ba'awa, da wasu daga sauran zuriyoyi, sa'an nan ya naɗa wani bawansa Sarkin Shanu.

Abin lura a nan shi ne, tun ƙarni na 17 an riga an sami rabon aiki. Hayayyafar shanu da renon maruƙa suna hannun Fulani a ruga, yanka da sayar da nama da jimar ƙiraga kuma suna hannun mahauta da majema a birni, ƙarƙashin Sarkin Pawa da sauran shugabannin sana'a. Turka ta tsiro ne a tsakanin waɗannan biyu: a sayi ramammen bijimi daga makiyayi, a ciyar da shi, a miƙa wa mahauci. Bayan jihadi, sa'ad da Kano ta koma hannun jama'ar Shehu a 1807, zuriyoyin Fulani da dama sun ƙara zama wuri ɗaya a karkarar Kano, kuma hulɗar taki da kara tsakanin manomi da makiyayi ta ƙara ƙarfi.

3.2 Shaidar Kasuwar Kurmi

Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya bar mana bayanin da ke nuna darajar ƙiba a idon mutanen birni. Ya ce idan aka kawo ƙosasshen bijimi kasuwa za a yanka, akan shafa wa ƙahoninsa lalle, makaɗa su biyo shi da kiɗa, labarin girmansa da kitsensa ya bazu, jama'a su yi ta rububin saye. Ya kuma lura da yadda mahauta suke tsaga nama don kitse ya bayyana. Wannan ya isa hujja cewa kasuwa tana bambance nama mai kitse da maras kitse, tana kuma biyan bambancin. Inda kasuwa take biyan kuɗin ƙiba, ba a rasa mai ɗaukar ɗawainiyar samar da ita.

3.3 Abincin da birni yake samarwa

Mene ne ake ba dabbar? Clapperton da Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, duka sun lura cewa gidaje ba su cika cikin ganuwa ba. Akwai filaye da gonaki masu faɗi, musamman ta yamma da arewa, wajen Gwauron Dutse. Ga kuma kududdufai da rafin Jakara. Ban da wannan, kowane gida ƙaramar masana'antar abincin dabbobi ce. Surfen gero da dawa yana fitar da dusa, wankin hatsi yana fitar da ƙasari, tukunyar tuwo tana barin ƙanzo. Matan da ke matsar man gyaɗa suna fitar da tunkuza. Kano kuwa garin saƙa ne, saboda haka gurzar auduga tana tara angurya mai yawa. Daga karkara jakuna suna shigo da harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa da gadagi, su fita da takin birni zuwa gonaki. Fatake kuma suna kawo kanwa daga Barno da gishiri daga Bilma.

Idan muka ɗora waɗannan a ma'aunin kimiyya za mu ga dalilin zaɓensu. Harawar gyaɗa tana da furotin wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ta wake takan ɗara haka idan ganyenta bai kakkaɓe ba. Angurya tana da wajen kashi 20, ga kuma mai, wanda ke ƙara kuzari. Tunkuza ta haura kashi 40. Dusa tana ba da kuzari da furotin matsakaici. 'Ya'yan gawo, waɗanda ke zubowa da rani daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, suna da fiye da kashi 10. Alal misali, idan aka ba bijimi mai kilo 250 harawa kilo 3 da dusa kilo 2 da angurya kilo 1, zai sami wajen megajul 60 da furotin fiye da giram 800, abin da ya zarce buƙatar ƙarin rabin kilo a rana. Mai turka bai san megajul ba, amma ya san dabbar da ke cin kara zalla tana ramewa, ya kuma san cewa ɗan harawa yakan buɗe mata ci.

Akwai wasu hikimomi biyu cikin turka da kimiyya ta tabbatar daga baya. Ta farko, ɗaure dabba yana tanadin kuzarin da za ta ɓatar wajen yawon kiwo da neman ruwa. Ta biyu, ramammiyar dabba mai lafiyayyen ƙashi, idan ta sami abinci bayan yunwa, takan ƙaru da sauri fiye da wadda ba ta taɓa ramewa ba. Shi ya sa gwanin turka yake duban tsawon dabba da faɗin ƙugunta da haƙoranta, ba ya damuwa da ramarta.

Ya kamata mu ƙara da cewa a cikin gidajen birni dabbobin da aka fi turkewa su ne raguna da awaki, sai dawakin sarakuna da attajirai. Turkar bijimi ta fi yawa a hannun mahauta da dillalai da manoman ƙauyukan da ke kewaye da ganuwa, domin tana buƙatar jari da wuri. Amma abincin ɗaya ne, kasuwar harawar ma ɗaya ce.

A ƙarshen ƙarnin ne annobar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta bakin Bahar Maliya a wajen 1887, ta iso ƙasar Hausa a wajen 1891, ta hallaka mafi yawan shanun Fulani. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 a lokacin da garkuna suke kan farfaɗowa.

4.0 JIRGIN ƘASA DA ZAMANIN GYAƊA

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Turawan Ingila sun sa rai manoman Kano za su cika jirgi da auduga domin masaƙun Lankasha, sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Jan Hogendorn, wanda ya yi nazarin farkon wannan ciniki, ya nuna cewa ban da kyawun farashi, gyaɗa ta dace da tsarin noman Kano: ana iya cinta idan yunwa ta zo, ba ta gajiyar da ƙasa kamar auduga, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata (1877–1955) suka shiga sayen ta, har aka kai ga dalar gyaɗa da duniya ta san Kano da ita. A tsakiyar shekarun 1960 abin da hukumar ciniki take saya a shekara mai kyau ya kai wajen tan miliyan ɗaya.

Masana tattalin arziki sun ƙirga buhunan da suka tafi Ikko, amma ba a cika ƙirga abin da ya rage a gona ba. Harawa takan kai nauyin gyaɗar da aka tsinke ko ta fi. Ke nan kowace dalar gyaɗa da aka gina a Kano ta bar wata dalar harawa a warwatse bisa soraye da rassan itatuwa da rumfunan ƙauye. Wannan zamani ya kawo wa dabbobin ƙasar Kano furotin na rani fiye da na kowane zamani da ya gabace shi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma manomin Kano ya san cewa ranar kaka ake tanadin abincin bazara. Nazarin da Michael Mortimore da J. Wilson suka buga a 1965 a kan karkarar da ke kewaye da Kano ya nuna yadda ake noma ƙasa kowace shekara ba hutu, da taimakon takin dabbobin da ake ciyarwa da ragowar amfanin gona. Harawa ta zama taki, taki ya koma gona, gona ta sake ba da harawa.

Amma akwai ɗaya gefen al'amarin. Ƙwayar gyaɗa ita ce ta fi furotin, ita ce kuma aka fitar. A Turai akan matse mai, a ba shanun can tunkuzar. Ko da aka kafa injinan matsar mai a Kano daga shekarun 1940, yawancin tunkuzar da suke fitarwa ƙasashen waje take tafiya. Haka nan anguryar injinan gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau. Watau furotin mafi ƙarfi da ƙasar Kano ta noma ya tafi ƙosar da shanun wasu, alhali bijiman da ake korawa Kudu a ƙasa suna zubar da nauyi a hanya saboda doguwar tafiya da cutar sammore. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda gaggawar sayar da dabba kafin ta lalace ta tsara dukan harkar masu gida da dillalai a can.

5.0 ZUWAN JADAWALI

5.1 Asalinsa a Turai da Amurka

Ilmin auna abincin dabbobi shi ma yana da tarihinsa. A wajen 1810 wani Bajamushe, Albrecht Thaer, ya gwada auna kowane abinci da busasshiyar ciyawa mai kyau, watau nawa za a ba dabba ya maye gurbin wani adadi na ciyawar. Wannan bai yi nisa da yadda Bakano yake lissafi da damin harawa ba. A shekarun 1860 Henneberg da Stohmann suka tsara hanyar rarraba sinadaran abinci a tashar Weende, Emil Wolff kuma ya fitar da jadawalinsa a 1864. Johan Kjeldahl na Denmak ya samar da hanyar auna naitirojin a 1883. A 1905 Oskar Kellner ya auna abinci da yawan kitsen da yake tarawa a jikin bijimi idan aka kwatanta da sitaci. A Amurka Henry Armsby ya riƙa sanya bijimi cikin wani ɗaki na musamman yana auna zafin da jikinsa yake fitarwa. Max Kleiber ya nuna a 1932 cewa buƙatar riƙon rai ba ta tashi daidai da nauyi, babbar dabba tana buƙatar ƙasa da ƙarama a kan kowane kilo. Majalisar bincike ta Amurka ta fitar da jadawalin shanun nama a 1945, ta Ingila ta fitar da nata a 1965 ta kuma sabunta shi a 1980, Lofgreen da Garrett kuma suka fitar da tsarin Kalifoniya a 1968, wanda ya raba kuzarin riƙon rai da na girma.

Dukan waɗannan an gina su ne a kan shanu marasa tozo, masu cin hatsi da ciyawar ƙasar sanyi. Shanunmu kuwa, Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Wadara, masu tozo ne. Jadawalin Amurka na 1996 ya yarda cewa shanu masu tozo suna buƙatar kuzarin riƙon rai ƙasa da na marasa tozo da wajen kashi 10 cikin ɗari. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai turka, domin riƙon rai shi ne yake cinye fiye da rabin abin da ake zubawa.

5.2 Shika da noman shanu

A Arewa an kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922, ta likitan dabbobi a Vom a 1924, gonar dabbobi ta Shika kuma a 1928. A 1928 ɗin ne Ma'aikatar Gona, ƙarƙashin O. T. Faulkner, ta fara shirin noman shanu, inda En'e take ba manomi rancen bijimai biyu da garma. Manufar Turawa ita ce huɗa da taki. Amma manoma sun gano wata riba ta uku: a sayi ƙananan bijimai, a yi huɗa da su shekaru kaɗan ana ciyar da su da harawa da angurya, sa'an nan a turke su a sayar da su da tsada. Ta wannan hanya turkar bijimi ta bazu a ƙauyukan da a da ba su wuce turkar rago ba.

V. A. Oyenuga na Jami'ar Ibadan ya buga littafinsa a kan sinadaran abincin Nijeriya a 1955. A farkon shekarun 1960 T. B. Miller da abokan aikinsa a Shika suka auna narkewar ciyayi da harawa na Arewa a cikin dabbobi. Sakamakon ya tabbatar da abin da manomi ya sani, watau busasshiyar ciyawa ba ta riƙe dabba, harawa kuwa tana riƙewa. A 1976 aka ɗaga gonar Shika ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wani abin tarihi kuma shi ne, a Kano ne aka yi taron 1961 da ya tsara gangamin rigakafin bushiya na ƙasashen Afirka, wanda aka fara a 1962. Raguwar annoba ta sa maganar abinci ta fito fili, domin dabbar da ta tsira daga ciwo sai ta ci kafin ta girma.

5.3 Manyan gonaki da ƙananan masu turka

A shekarun 1960 gwamnati ta kafa manyan gonakin ƙosar da shanu a Mokwa da Manchok da taimakon ƙasashen waje. A Mokwa an yi amfani da baƙin ruwan da ke ragewa bayan tace sukari a Bacita a matsayin abincin kuzari, ana haɗa shi da angurya. Shanu sun ƙaru kamar yadda jadawali ya faɗa, amma tsadar gudanarwa da wuyar samun abinci a kan kari sun hana gonakin ɗorewa a matsayin kasuwanci. A ƙarshen shekarun 1970, a ƙarƙashin shirin raya dabbobi da Bankin Duniya ya tallafa, aka juya ga ba ƙananan manoma rance su turke bijimai 'yan kaɗan a gida na 'yan watanni. Wannan ɓangare yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa a cikin shirin. Dalili kuwa a fili yake: an gina shi ne a kan sana'ar da mutane suka riga suka iya, da abincin da ke bisa soronsu.

6.0 BAYAN GYAƊA

Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu masu yawa, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata noman gyaɗa a Arewa. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, dalar harawa ma ta ragu tare da ita. Bushiya ta sake ɓarkewa a 1983, kafin a kai ga shelar kawar da ita daga duniya a 2011.

Abubuwa biyu ne suka cike gurbin. Na farko shi ne wake. Manoman Kano suna da irinsu na gargajiya, kamar kanannado, mai yaɗo da yawan ganye, wanda ake shukawa tsakanin dawa da gero saboda harawarsa kamar yadda ake shuka shi saboda ƙwayarsa. Wasu sababbin irin da aka fara kawowa masu saurin nuna ne amma ba su da ganye, kuma manoma sun yi ɗari-ɗari da su. Bayan Cibiyar IITA ta buɗe tasharta a Kano a 1990, masu bincike irin su B. B. Singh suka mai da hankali ga irin da ke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. A nan ma manomi ne ya nuna wa masani abin da ya kamata a auna. Na biyu shi ne dusar alkama daga masana'antun fulawa, ciki har da ta Bompai da aka kafa a shekarun 1970. Dusar alkama tana da furotin wajen kashi 15 zuwa 17, ta kuma zama ginshiƙin turka a birni. Sai dai mafi yawan alkamar daga waje ake shigo da ita, saboda haka farashin abincin bijimin Kano ya koma yana bin darajar naira. Ƙasar da a da take aika wa shanun Turai furotin ta koma tana ƙosar da nata da ɓawon alkamar wasu.

A cikin wannan lokaci kuma gidaje sun cinye gonakin da Barth ya gani cikin ganuwa, an cike kududdufai da dama, unguwanni sun tsallake ganuwa sun mamaye ƙauyuka irin su Ɗorayi, wadda Polly Hill ta yi nazarinta a matsayin karkara a farkon shekarun 1970. Injin niƙa ya rage surfe a gida, ƙasari ya yi ƙaranci. Harawar da jaki yake kawowa daga bakin ƙofa ta koma zuwa a mota daga nesa. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Ana sayen ramammun bijimai a kasuwannin Wudil da Ɗambatta da Maigatari, a turke su, a fitar da su gab da Babbar Salla ko a kai su mayankar da ke kusa da Ƙofar Mazugal.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa buƙatar bijimi mai tasowa ba ta sauya ba tun zamanin Kutumbi. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne inda ake samun furotin: daga dusa da angurya da harawar gida, zuwa harawar zamanin gyaɗa, zuwa wake da dusar alkama. Mun kuma ga cewa shirye-shiryen da suka dogara ga wannan tushe sun fi daɗewa a kan waɗanda suka shigo da tsarinsu daga waje.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, masana kimiyyar dabbobi su ƙara himma wajen tsara jadawalin da aka auna a jikin Bunaji da Bokoloji, da abincin da ake sayarwa a kasuwanninmu, a kuma fassara shi zuwa ma'aunin da mai turka yake aiki da shi, watau dami da kwano da buhu. Na biyu, masu samar da sabon irin gyaɗa da wake su riƙa lissafa harawa a matsayin amfanin gona mai farashi, masu tsara birni kuma su tuna cewa duk gonar da aka yanka filaye, an yanke abincin rani na wasu dabbobi. Na uku, masana tarihi da harshe su tattara ilmin tsofaffin mahauta da dillalai da masu turka na unguwannin birni, tare da kalmomin da suke bambance dabba da abinci da su, tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan aiki ne da ba zai yiwu ba sai sashen tarihi da na kimiyyar dabbobi sun haɗa hannu.